Kowa Alƙalin Kansa: Dokoki Da Ladubban Wasan Ƙwallon Lambu



Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nufe mu da haɗuwa a wannan zaure, muna kuma gode wa shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da suka ba mu wannan dama. Da aka liƙa sanarwar abin da za mu yi magana a kai, wasu abokanmu sun tare mu da dariya, suna cewa duk matsalolin da ke damun ɗalibi, daga na abinci har na ɗakin kwana, aka rasa abin tattaunawa sai wasan masu hannu da shuni? Ba mu ga laifinsu ba. Mafi yawan waɗanda ke zaune a nan ba su taɓa riƙe sandar wannan wasa ba, sai dai su hangi filinsa daga bakin titi a Kano ko Kaduna ko Jos, inda Turawan mulkin mallaka suka bar shi gado. Amma muna roƙon a ba mu aron hankali na ɗan lokaci, domin abin da ya ja mu ga ƙwallon lambu, watau golf, wata tambaya ce da ta shafi kowa a nan: me zai sa mutum ya bi doka alhali ba mai ganinsa, kuma ya san bin ta zai jawo masa asara?

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Fili ne mai ramuka 18, ɗan wasa kuma zai riƙa bugun ƙaramar ƙwallo da sanda daga wurin tashi har ta faɗa ramin da faɗinsa inci 4 da kwata ne, sa'an nan ya wuce na gaba. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Tafiyar takan kai kilomita 6 ko fiye, takan kuma ci wajen sa'a 4. A ƙwallon ƙafa alƙali yana tsakiyar fili da usur a baki, mutum 22 duk suna gabansa. A nan kuwa 'yan wasa sama da 100 ne za su watsu cikin itatuwa da kwaruruka, biyu-biyu ko uku-uku, alƙali kuma ba ya zuwa sai an kira shi. Saboda haka tun asali aka ɗora wa ɗan wasa nauyin sanin doka, da nauyin yanke wa kansa hukunci.

Wasan ya girma ne a ƙasar Sikotland. A 1457 majalisar Sarki James na II ta hana shi tare da ƙwallon ƙafa, saboda samari sun bar koyon harbi da baka sun koma gare su. A 1744 wasu 'yan wasa na Leith, kusa da birnin Edinbara, suka rubuta dokoki 13 domin wata gasa wadda hukumar birnin ta sa sandar azurfa a matsayin kyautarta, waɗannan kuwa su ne dokokin farko da aka samu a rubuce. Bayan shekara 10 mutanen garin St Andrews suka kafa tasu ƙungiyar, suka ari dokokin nan kusan kalma da kalma, kuma daga 1897 ita ce ta ɗauki aikin tsara doka a madadin saura. Amurka ta kafa tata hukumar, USGA, a 1894, sai a 1952 ɓangarorin biyu suka daidaita a kan littafi guda. A 2019 aka yi wa littafin babban gyara, aka rage dokokin daga 34 zuwa 24, a 2023 kuma aka ƙara ta 25 domin naƙasassu.

Duk yawan shafukan littafin, saiwarsa biyu ce. Ta farko, inda ƙwallo ta kwanta nan za a buge ta, ko a kan lallausar ciyawa ko a gindin ƙaya. Ta biyu, ba a gyara fili don sauƙaƙa wa kai bugu, ba a karya reshe, ba a danne ciyawa da ƙafa. Sauran dokokin duka bayani ne na abin da za a yi in bin waɗannan biyun ya gagara. In kuwa aka ci karo da abin da littafin bai ambata ba, kwamitin gasa zai duba yadda aka hukunta makamancinsa ya yanke abin da ya fi kusa da adalci, wanda ɗaliban shari'a da ke nan za su ce ai wannan ƙiyasi ne.

To, mu zo ga tara. Matakanta uku ne. Akwai tarar bugu 1, wadda ake biya in ƙwallo ta faɗa ruwa, ko ɗan wasa ya motsa ta da kansa, ko ta fita iyakar fili, ko ta ɓace aka yi minti 3 ana nema ba a gani ba. A waɗannan biyun na ƙarshe, bayan tarar, sai ya koma inda ya bugo ya sake. Akwai babbar tara, watau bugu 2 in ana wasan ƙidayar bugu, ko asarar ramin ɗungurungum in mutum biyu ne ke karawa rami da rami. Ita ce ke kan wanda ya bugi ƙwallon da ba tasa ba, ko ya tambayi abokin hamayya wace sanda ya ɗauka, ko ya makara ga lokacin tashi da abin da bai wuce minti 5 ba. Sai ta uku, kora daga gasa, ga wanda makararsa ta wuce minti 5, da wanda ya san ya karya doka ya ƙi ƙidaya tararta, da kuma mutum biyun da suka haɗa baki suka yafe wa juna dokar da suka san tana aiki.

Ya kamata mu lura cewa mafi yawan tara a wannan wasa ba shaidar rashin gaskiya ba ce. Alal misali, wanda ƙwallonsa ta shige ƙarƙashin sarƙaƙiya, shi kaɗai ke da ikon cewa ba ta buguwa. In ya faɗi haka sai ya biya bugu 1, ya auna tsawon sanda 2 daga wurin ba tare da ya matsa kusa da rami ba, ya saki ƙwallon daga daidai gwiwarsa. Wannan kamar kuɗin fito ne, wanda ya ga ba zai iya ƙetare kogi da ƙafa ba sai ya biya mai kwalekwale, ba kuwa wanda zai kira shi ɓarawo. Kazalika doka ba ta karɓar uzurin cewa laifin yaro ne. An ƙayyade sanduna 14 a jaka. A gasar Open ta Biritaniya ta 2001, Ian Woosnam yana cikin na kan gaba a ranar ƙarshe, ya gama ramin farko ke nan sai mai ɗaukar masa jaka ya ƙirga ya ga sanda 15. Nan take aka ƙara masa bugu 2, domin kuskuren mai jaka a wuyan ɗan wasa yake. David Duval ne ya ɗauki kofin.

Yanzu bari mu duba yadda ake fassara dokokin, mu ɗauki ƙa'idoji huɗu, kowace da abin da ya faru a zahiri.

Ƙa'ida ta farko ita ce ɗan wasa shi ne shaidan farko a kan kansa. A gasar Open ta Amurka ta 1925, a garin Worcester, wani saurayi mai suna Bobby Jones, ɗan shekara 23, watau sa'an da yawa daga cikinmu, ya je bugun ƙwallonsa cikin doguwar ciyawa a rami na 11, sai ya ga ta ɗan motsa. Ba wanda ya gani sai shi. Jami'an gasa suka nuna masa ba su da hujjar cin sa tara, shi kuwa ya dage sai an rubuta masa bugu 1. Da aka gama gasar ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka yi wasan raba gardama na ramuka 36, Macfarlane ya ci da bugu 1. Da mutane suka dame shi da yabo, sai ya nuna musu cewa yabonsa a kan wannan daidai yake da yabon mutum don bai yi fashi a banki ba. Tun 1955 hukumar USGA ke ba da lambar girma mafi daraja da sunansa.

Ƙa'ida ta biyu, sa hannu amana ne. A wasan ƙidayar bugu abokin tafiyarka ne ke rubuta maka ƙidaya, kai kuma ka rubuta masa, in an gama kowa ya duba katinsa ya sa hannu. Wanda ya sa hannu a kan adadin da ya gaza na gaskiya a wani rami an kore shi, wanda kuwa ya sa hannu a kan adadin da ya fi na gaskiya, adadin nan ya zauna. Ranar 14 ga Afrilu, 1968, ranar da ya cika shekara 45, Roberto De Vicenzo na ƙasar Ajantina ya yi bugu 3 a rami na 17 a gasar Masters, a gaban dubban 'yan kallo da na'urorin talabijin. Tommy Aaron da ke riƙe da katinsa ya rubuta 4 bisa kuskure, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Bugun nan guda da bai yi ba shi ya hana shi kunnen doki da Bob Goalby, kofi ya tafi. Bai zargi Aaron ba, bai zagi kwamiti ba, wautar kansa ya ambata. Wani zai ce ai wannan zalunci ne, tun da duniya ta shaida 3 ya yi. Amsar masu doka ita ce, in aka gyara katin wanda na'ura ta ɗauka, ina za a sa wanda ya yi wasansa da sassafe ba mai kallo? Katin da aka sa wa hannu shi ne abu guda da ya daidaita sananne da wanda ba a sani ba.

Ƙa'ida ta uku, kalma tana da ma'anar da littafin ya ba ta, ko da ido ya ga wani abu dabam. Doka ta yarda a kawar da sakakken abu na halitta, kamar ganye ko tsakuwa, muddin bai kafu a ƙasa ba, ba ta kuwa ƙayyade girmansa ba. A gasar Phoenix ta 1999 ƙwallon Tiger Woods ta tsaya a bayan wani ƙaton dutse. Ya kira alƙali, alƙali ya duba ya ga dutsen a aje yake a kan ƙasa, ya ce hukuncinsa hukuncin tsakuwa ne, sai 'yan kallo suka taru suka mirgine shi. Sanin ma'anar kalma ya amfane shi. Rashin saninta kuwa ya cuci Craig Stadler a San Diego a 1987, lokacin da ya shimfiɗa tawul ya durƙusa a kai don ya bugi ƙwallo a gindin itace ba tare da ya ɓata wandonsa ba. Doka ta ɗauki wannan a matsayin gina wa kai matsayi. Kashegari masu kallon talabijin suka yi waya, aka kore shi saboda ya riga ya sa hannu a katin da babu tarar, ya yi asarar fiye da dala 37,000. Haka nan Dustin Johnson a gasar PGA ta 2010, a filin Whistling Straits mai kwarin yashi kusan 1,000. A ramin ƙarshe ya aza sandarsa a kan yashin da 'yan kallo suka tattake, yana zaton fili ne kawai, alhali kwamiti ya riga ya liƙa sanarwa cewa duk irin wuraren nan kwarin yashi ne, inda aka hana sanda ta taɓa ƙasa kafin bugu. Bugu 2 suka fitar da shi daga wasan raba gardama. Mu da muke wuce allon sanarwa ba mu tsaya ba, sai ranar jarrabawa mu ce ba a gaya mana an sauya ɗaki ba, labarin nan namu ne.

Ƙa'ida ta huɗu, dokar da ta haifar da cuta ana bin ta a ranar, sa'an nan a zauna a gyara ta. A 2017, a wata babbar gasar mata a Kalifoniya, Lexi Thompson tana kan gaba a ranar ƙarshe sai aka tare ta bayan rami na 12 aka ce an ƙara mata bugu 4. Ashe wani mai kallo ne ya aiko da saƙo cewa a jiya ta mayar da ƙwallonta nesa da gurbinta da abin da bai kai inci 1 ba. Bugu 2 na kuskuren ne, 2 kuma na sa hannu a katin da babu tarar da ita kanta ba ta san da ita ba. Ta ƙarasa wasan cikin hawaye, ta yi kunnen doki, Ryu So-yeon ta Koriya ta Kudu ta ci wasan raba gardama. Hukumomin biyu suka ga abin ya wuce gona da iri. A shekarar suka ce abin da ido ba zai iya gani ba sai da na'ura ba za a hukunta a kansa ba, daga 2018 kuma aka daina sauraren ƙarar masu kallo, aka soke ƙarin tarar ga wanda bai san ya yi laifi ba. Amma ba a karɓe kofin daga hannun wadda ta ci ba. Har ila yau akwai mafita ga wanda ya shiga shakka a wasan ƙidayar bugu kuma babu alƙali kusa: ya buga ƙwallo biyu, ɗaya bisa kowace fahimta, ya faɗi wadda ya zaɓa, sa'an nan ya kai maganar gaban kwamiti kafin ya miƙa katinsa.

Sai ladubba, waɗanda yawancinsu ba su da tara, amma da su ake gane wanda ya sami tarbiyya. In wani zai yi bugu sai a tsaya cik a yi shiru, ba a tsaya masa a gaba ko daf da baya, ba a bari inuwa ta faɗa kan hanyar ƙwallonsa. Wanda ya shiga kwarin yashi zai share sawunsa kafin ya fita, wanda sandarsa ta ɓantari ciyawa zai mayar da ita ya danne, domin na baya ya sami fili kamar yadda na gaba ya same shi. In ƙwallo ta nufi mutane wajibi ne a ɗaga murya da gargaɗi. An so kowane bugu kada ya wuce daƙiƙa 40, kuma ayarin da ke jan ƙafa ya ba na baya hanya. Tun 2019 aka shigar da kyakkyawan hali cikin doka ta farko, aka ba kwamiti ikon korar wanda rashin ɗa'arsa ta yi tsanani.

Akwai kuma abin da doka ta halatta amma ba ta wajabta ba. In mutum biyu na karawa, ɗaya yana iya yafe wa ɗayan ɗan gajeren bugun ƙarshe. A gasar Kofin Ryder ta 1969 tsakanin Amurka da Biritaniya, sakamakon gasar duka ya rataya a kan bugun da bai wuce ƙafa 2 ba, wanda ya rage wa Tony Jacklin a gaban mutanen ƙasarsa. Jack Nicklaus ya sunkuya ya ɗauke alamar ƙwallon Jacklin, watau ya yafe masa, aka tashi 16 da 16. Wasu daga cikin mutanensa ba su ji daɗi ba, amma yau sunan wannan yafiya ya fi na sauran wasannin shekarar tsawon rai. Kishiyar haka ta faru a Jamus a 2015, a gasar Kofin Solheim ta mata, inda Alison Lee ta Amurka ta ga abokan karawarta sun juya sun tafi, ta zaci an yafe mata, ta ɗauki ƙwallonta. Suzann Pettersen ta ce ba su furta ba, doka kuwa tana tare da ita, aka ba su ramin. Kashegari ta fito ta nemi gafara a bainar jama'a. Ashe mutum yana iya cin shari'a ya dawo gida da kunya.

Malam Shugaba, kada a ɗauka mun zo wanke wannan wasa ne. Mutanen da suka iya cin kansu tara a kan motsin ƙwallo, su ne suka daɗe suna rufe ƙofa ga wasu. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan Amurka ta riƙe sharaɗin farar fata kaɗai daga 1934 har 1961. Kulob ɗin Augusta bai karɓi baƙar fata a matsayin mamba ba sai 1990, mata kuwa sai 2012, na St Andrews kuma sai a 2014 ya yarda da shigar mata. A Afirka ta Kudu, Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya wanda ya fara da ɗaukar jaka, ya ci gasar Natal a 1963 da 1965, an kuma miƙa masa kofi a waje cikin ruwan sama a Durban, domin dokar wariyar launin fata ta hana shi shiga zauren kulob. Waɗanda suka bar shi a ruwa su ma cewa suka yi doka suke bi. Saboda haka bin doka kaɗai bai isa ya mai da mutum adali ba, sai an tambayi wa ya rubuta ta, wa kuma aka hana zama a wurin rubutun.

To, mu ina muka tsaya? Mu ma muna da katin ƙidaya. Takardar halartar lacca da muke sa wa abokinmu hannu alhali yana kwance a ɗaki, a dokar ƙwallon lambu da mai sa hannun da wanda aka sa wa duk an kore su. Ɗakin jarrabawa in mai tsaro ya fita shan iska, shi ne doguwar ciyawar da Jones ya tsaya a ciki. Tsarin mulkin ƙungiyar nan da muke ta jayayya a kansa duk lokacin zaɓe, nawa ne cikinmu suka karanta shi kafin a kaɗa ƙuri'a, nawa kuma suka ɗauko shi bayan ɗan takararsu ya faɗi? In wani sashe nasa ya cuce mu, akwai babban taro da aka tanada don gyara, can ya kamata mu kai shi. Daga wannan zaure za a sami alƙalai da akantoci da likitoci da jami'an zaɓe, mafi yawan aikinsu kuma za su yi shi ne a ofis, ƙofa a rufe. Hausawa sun ce hali zanen dutse, zanen kuwa a shekarun nan namu ake yin sa.

 Inda muka yi kuskure muna roƙon malamanmu su gyara mana, waɗanda kuma suka san wasan fiye da mu, ga fili nan a lokacin tambayoyi. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema.